Saƙon Da Nuruddeen Bai Isar Ba

Akwai wani matashi ɗan garin Roni mai suna Nuruddeen, wanda tun yana firamare aka san shi da abu biyu: lissafi da rashin magana.

Shi kaɗai mahaifiyarsa Dela ta haifa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar musu gida mai ɗaki biyu da 'yar gonar gyaɗa a bayan gari. Dela ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. Ɗalibi take ce masa, har sunan ya bi shi a unguwa.

Idan yara suka tafi ƙwallo da yamma, shi yana zaure da littafi. Malamai suna yabonsa, maƙwabta suna kafa misali da shi. A hankali yabon ya shiga kansa, ba tare da shi ko mahaifiyarsa sun lura ba.

A Kazaure ya yi sakandare. A can wani malamin lissafi ya ba shi labarin wani fanni da ake kira akcuwari. Ya ce masa ilimi ne na ƙiyasta haɗari da asara ta hanyar lissafi, kuma kamfanonin inshora da na fansho ba sa iya aiki sai da masu shi. Ya ƙara da cewa karatun yana da wuya, kuma bayan digiri akwai wasu jarrabawoyin ƙwarewa da mutum zai yi ta ci ɗaya bayan ɗaya kafin a kira shi gwani.

Wuyar nan da aka ambata ita ta ja hankalin Nuruddeen. Ya nema, Allah ya ba shi gurbi a wata jami'a da ke can kudancin ƙasar nan.

Ranar da zai tafi, Dela ta raka shi bakin titi da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗalibi, ka riƙe salla, ka kuma riƙe mutane."

Ya riƙe ta farkon. Ta biyun ce ta gagare shi.

Garin da ya je bai yi kama da komai da ya sani ba. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, abincin bai saba da shi ba, kuma sai ya yini bai ji kalma ɗaya ta Hausa ba. A aji kujerar gaba yake zama, can gefen bango. Idan an tashi sai ya wuce ɗakin karatu, daga can sai masallaci, sai ɗakin kwana.

Wata rana yana fitowa daga aji ya ji an ce a bayansa, "Ɗan'uwa, wannan ɗinkin hular na wajenmu ne, ko idona ne?"

Ya juya da sauri. Wani dogon saurayi ne ɗan ajinsu, yana murmushi.

"Sunana Paul. A Kazaure aka haife ni, a bayan tasha. Iyayena daga Filato suka zo tun ban zo duniya ba. Mamana tana sayar da abinci a wurin. Kai daga ina?"

"Roni."

"Ashe gida ɗaya muke. Wallahi na yi kewar wanda zan yi Hausa da shi."

Nuruddeen ya ji daɗi har cikin ransa. Amma kafin daɗin ya kai fuskarsa, sai ya tuna abokan sakandare, waɗanda ba sa matsowa kusa da shi sai jarrabawa ta gabato. Ya ce a ransa, wannan ma amsa yake nema. Ya ba Paul hannu a taƙaice, ya ce yana sauri.

Paul bai yi fushi ba. Shi irin mutanen nan ne da ba sa iya cin abinci su kaɗai. Ya haɗa 'yan ajin suna taruwa da yamma a wani aji da ba kowa, suna bitar darasi tare. Wanda ya gane abu sai ya tashi ya yi wa saura bayani a allo.

Ya gayyaci Nuruddeen ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Ka zo mana. Lissafin yiwuwa ɗin nan ya ɗaure mana kai, kuma kowa ya san kai ka gane shi."

"Ni na fi ganewa idan ina ni kaɗai," in ji Nuruddeen.

Tun ana kiransa har aka daina. Wani lokaci idan ya wuce ta wajen ajin yakan ji suna dariya, sai ya rage tafiya kaɗan, sannan ya ƙara sauri. Yakan gaya wa kansa cewa masu dariya ba su san abin da ya kawo su ba.

A gida ma abin bai canza ba.

Mahaifinsa yana da ƙanwa ɗaya, Gwaggo Tasalla, tana aure a Gwiwa. Ita ce danginsu mafi kusa. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun rasuwar yayanta ba ta taɓa barin Dela ta yi shuka ko girbi ita kaɗai ba.

A wani hutu da Nuruddeen ya zo, Tasalla ta hau babur musamman ta zo ganinsa. Suna zaune a tsakar gida da wasu matan maƙwabta, sai ta ce, "Nura, wai me kake karantawa ne? A Gwiwa ana ta cewa lissafin ranar mutuwar mutane kake koyo. Ni dai raina bai kwanta ba. Wannan ai sanin Allah ne."

Tambaya ce ta mai tsoro, ba ta mai zagi ba. Amma matan suka yi 'yar dariya, Nuruddeen ya ji kamar an muzanta shi.

"Gwaggo, ko na yi bayani ba za ki gane ba," ya ce. "Ki tsaya a kan ƙuli-ƙulinki, ki bar karatu ga masu shi."

Tasalla ta dubi Dela, tana jira ta tsawatar. Dela kuwa, saboda son ɗa, sai ta ce, "Ke ma Tasalla, yaro ya dawo a gajiye kin tare shi da maganar mutane."

Tasalla ta miƙe ta yafa mayafinta. "Da kuɗin ƙuli-ƙulin aka saya maka takalmin shiga sakandare," ta ce. "Amma na ji. Ba zan sake taka gidan nan ba sai an kira ni."

Ba wanda ya kira ta. Shekara ta zagayo, Dela ta yi shuka ita kaɗai.

A shekara ta uku aka sanar da 'yan ajin cewa wani babban kamfanin inshora zai ɗauki ɗalibin da ya fi kowa a ƙarshen karatu. Zai ba shi aiki, ya kuma ɗauki nauyin jarrabawoyinsa na ƙwarewa. Ga ɗan Dela wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jarrabawoyin suna da tsadar da gonar gyaɗa ba za ta iya ba.

Nuruddeen ne a gaba tun farko. Sai dai da aka kafe sakamako, ya ga sunan Paul dab da nasa. Yawan tsayawar Paul a allo yana yi wa wasu bayani ya sa darasin ya zauna masa sosai.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Nuruddeen.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Paul a ɗakin da yake haya a wajen makaranta, kuma a makon wayarsa ta lalace. Sai malamin darasin ƙiyasin rayuwa, wani dattijo da ba ya maimaita gwaji ga kowa, ya shigo ya ce ya matso da gwajin da za a yi mako mai zuwa, za a yi shi jibi da safe.

Ya duba ajin. "Ina Paul?"

Aka ce ba shi da lafiya.

Malamin ya nuna Nuruddeen. "Kai ɗan garinsu ne. Ka je ka gaya masa yau."

"To, Malam."

Kowa ya ji ya amsa, don haka ba wanda ya sake tunanin zuwa.

Kuma ya je. Bayan la'asar ya fita ta ƙaramar ƙofar makaranta, ya bi layin masu gasa masara, har ya hango gidan. Ga ƙofar ɗakin Paul a rufe, ga takalmansa a waje. Abin da ya rage bai wuce ya ƙwanƙwasa ba.

Ya tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro. Zuciyarsa ta ce masa, mutumin da ke kwance da zazzaɓi ko an gaya masa ba zai iya rubuta komai ba. Ta ce masa, Paul yana da mutane, kai kuwa wannan aikin shi kaɗai gare ka. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya koma.

Paul bai zo gwajin ba. Da ya warke ya je wajen malamin, aka ce masa ba a maimaitawa. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Ya ci gaba da gaishe da Nuruddeen kamar da, sai dai ya daina tsayawa hira.

Sunan Paul ya sauka ƙasa. Nuruddeen ya samu abin da yake so, amma sai ya zama ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Shekarar ƙarshe ta zo. Ana saura makonni kaɗan a fara jarrabawa, wani maƙwabcinsu ya kira shi da hantsi. Ya ce Dela ta faɗi a gona, hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, an kai ta asibiti a Kazaure.

Ya zuba kaya a jaka ya nufi tasha. Bai sallami kowa ba, don ba shi da wanda zai sallama.

Ya tarar da ita a ɗakin mata, bakinta ya karkace, hannu da ƙafa na dama ba sa motsi. Da ta gan shi ta yi ƙoƙarin cewa Ɗalibi, kalmar ba ta fita ba.

Matan unguwa biyu da suka rako ta sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma lokacin cirar gyaɗa ne, kowace tana da gona da yara. Da suka ga ɗanta ya iso suka yi mata addu'a suka koma Roni.

A nan Nuruddeen ya gane girman abin da ke gabansa. Ɗakin mata ne, ba a barin namiji ya zauna sai lokacin ziyara. Dela tana bukatar wadda za ta yi mata wanka, ta juya ta, ta canza mata zane, ta ba ta abinci a baki. Ma'aikatan jinya suna yi, amma marasa lafiya sun yi musu yawa.

Wata daga cikinsu ta tambaye shi, "Malam, ba ku da mace a dangi?"

Sunan Gwaggo Tasalla ya zo masa, kunya ta danne shi.

Sai ya koma gindin wata darbejiya da ke fuskantar ɗakin, can yake yini. Yana kallon masu jinya suna shiga da kwanukan abinci, wannan da yayarta, waccan da surukarta. Wasu har sun yi yawa ana korar su. Idan lokacin ziyara ya yi sai ya shiga ya tarar da kunun da ya kawo da safe yana nan a rufe, ya huce.

Yakan ciro wayarsa ya duba. Ba kira, ba saƙo. Shekara kusan huɗu yana zaune a aji ɗaya da mutane, ya ɓace, kuma a ganinsa ba wanda ya lura. Ya yi ƙoƙarin buɗe littafi, ya ga lambobin kamar ba shi ya saba da su ba.

Wata safiya yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, sai ya ji an yi sallama a kansa. Wata mata ce mai jiki, ta manyanta, da ɗankwali da ƙaramin gicciye a wuya. Ta riƙe kwando a hannu ɗaya, tabarma a ɗayan.

"Kai ne Nuruddeen na Roni?"

"Ni ne, Mama."

"Sunana Martha, uwar Paul. Ya ga kujerarka ba kowa, ya je ya tambayi wanda kuke ɗaki ɗaya, shi kuma ya ce ya ji kana waya a kan mahaifiyarka da asibitin Kazaure. Shi ne Paul ya kira ni ya ce in zo in duba. Tun jiya nake yawo a asibitin nan ina tambaya. Ina mai jikin?"

Nuruddeen ya nuna mata ɗakin da hannu.

Ta shiga. Da lokacin ziyara ya yi ya bi bayanta, sai ya tarar an yi wa Dela wanka, an shafa mata mai, an ɗaure mata kai da sabon ɗankwali. Martha tana zaune a bakin gado tana ba ta fate da cokali, tana yi mata hirar tsadar tumatir kamar sun shekara da sanin juna.

"Mama, sana'arki fa?" ya tambaya.

"Na bar wa 'yata rumfar. Shinkafa ba ta san hannun wanda ya dafa ta ba. Kai je ka ci abinci, ga naka can a kwando."

Haka Martha ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadon Dela. Ran Lahadi kawai take fita da safe ta je coci, ta dawo kafin azahar. Idan lokacin salla ya yi ita take kawo ruwa ta taimaka wa Dela ta yi alwala.

Duk alherin da ta yi, Nuruddeen ji yake kamar ana ɗora masa dutse a ƙirji.

Wata rana da yamma Martha ta fito shan iska ta zauna kusa da shi. Bakin Dela ya fara sakuwa, kuma da alama matan biyu sun yi hira mai tsawo.

"Ɗana, Paul ya sha gaya mini karatun nan naku, ban taɓa ganewa ba. Shi da sauri yake magana. Kai gaya mini."

Wannan karon bai ga abin raini a tambayar ba. Ya nemi kalmomi masu sauƙi.

"Mama, kin ga masu rumfuna a tasha. Ba wanda ya san rumfar da gobara za ta ci, Allah kaɗai ya sani. Amma idan aka duba shekarun baya, za a iya ƙiyasta yawan gobarar da akan yi. Sai kowa ya riƙa ajiye ɗan abu kaɗan a wuri ɗaya. Ranar da ta faɗa wa mutum ɗaya, sai a tashe shi da abin da aka tara. Aikinmu shi ne mu auna abin da ya kamata a tara, don kada ya gaza ranar da ake bukata."

"Har da mutuwa?"

"Har da ita. Ba mu san ranar kowa ba. Muna dai lissafin yadda marayu ba za su tagayyara ba."

Martha ta gyaɗa kai. "Ashe abin kirki ne. To me ya hana ka gaya wa gwaggonka haka?"

Ba ta jira amsa ba, ta tashi ta koma ciki.

A yammacin nan ya karɓi lambar Paul a wajenta ya kira shi. Bayan gaisuwa da tambayar mai jiki, Nuruddeen ya ce, "Paul, akwai maganar da ya kamata ka sani. Ranar da Malam ya aike ni..."

"Na sani," Paul ya katse shi. "Na gan ka ta taga. Kana tsaye a gindin mangwaro. Na ɗauka dubiya ka zo, har na yunƙura in buɗe ƙofa, sai na ga ka juya. Daga baya na gane abin da ya kawo ka."

Nuruddeen ya ce, "Kuma ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Na so in faɗa. Na daɗe ina jin haushinka, kada ka ɗauka ban ji ba. Har yanzu ma idan na tuna raina yana ɓaci."

"To me ya sa ka turo Mama?"

"Ai ba mahaifiyarka ce ta juya ba," in ji Paul. "Ka kula da ita. Sauran maganar sai ka dawo."

Washegari ranar kasuwar Gwiwa ce. Nuruddeen ya hau babur ya tafi. Ya sami Gwaggo Tasalla a layin masu mai, ga kwalabe a jere, ga farantin ƙuli-ƙuli. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta a cikin mutane.

Ta gan shi, ta ɗauke kai. Ta auna wa wata mata mai, ta sallami wani mai sayen ƙuli-ƙuli, shi yana durƙushe rana tana dukansa.

"Gwaggo, na yi miki rashin kunya. Na zo ki yafe mini. Inna tana kwance, kuma na zo kiranki."

Can Tasalla ta ce wa maƙwabciyarta ta kula mata da kaya, ta miƙe. "Tashi mu je gida in ɗauko mayafi."

Da suka shiga ɗakinta, sai ya ga ƙullin kaya a ɗaure a bakin gado, da bokiti da tabarma a kai.

"Tun ranar da na ji labari na ɗaure su," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Kullum ina sauraren sallama."

Da aka sallami Dela, Tasalla ta tare a gidan Roni. Martha ta koma rumfarta, amma duk mako sai ta hau mota ta leƙo su da miya a kwano.

Kafin Nuruddeen ya koma makaranta an gama jarrabawa. Aka ce sai ya maimaita shekara.

Abin da ya fara yi shi ne zuwa ofishin dattijon malamin nan. Ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ya roƙe shi a gyara wa Paul. Malamin ya cire tabarau ya dube shi.

"Sakamakon bara ya riga ya wuce hannuna," ya ce. "Da ka zo a makon, da na yi wani abu. Yanzu ba abin da zan iya, kai ma ba abin da za ka iya."

Aikin kamfanin wata ɗaliba ce ta samu. Tazarar da ke tsakaninta da Paul 'yar kaɗan ce, kuma kowa ya san daga inda tazarar ta fito. Paul ya koma Kazaure ya fara koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, yana karatun jarrabawar ƙwarewa da kansa. Da za su rabu ya ba Nuruddeen hannu ya ce ya yafe. Bai ce komai ya wuce ba.

Shekarar maimaicin ita ta fi kowace tsawo. A da shi ya zaɓi zama shi kaɗai. Yanzu yana son mutane, amma waɗanda ya sani duk sun tafi, kuma labarin halinsa ya riga shi isa wajen 'yan bayansa.

Ya sanar a aji cewa duk mai son bita ya same shi da yamma. Ya je ya share allo ya zauna. Ba wanda ya zo. Washegari ma haka. Ya ci gaba da zuwa yana zama a cikin kujeru marasa kowa har a kira magariba. Sai da gwaji ya matso wasu 'yan mata biyu suka leƙo a ɗarare. Ya yi musu bayani a hankali, ya maimaita ba tare da ya ɗaure fuska ba. A mako na gaba suka zo da wasu.

Yana dab da gama shekarar Allah ya yi wa Dela rasuwa. Yana kan hanya aka yi mata sutura.

Da ya isa Roni ya tarar da maza a ƙofar gida a kan tabarmi. Paul yana cikinsu, a can gefe, da ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Suka yi musabaha.

A cikin gida ya durƙusa a gaban Gwaggo Tasalla. Tambaya ɗaya ce ta dame shi tun daga tasha.

"Gwaggo, ita kaɗai ce lokacin?"

"A'a," in ji Tasalla. "Ranar Martha ta zo. Ina madafa ina dama kunu, ita tana ɗaki ta ɗora kan Dela a cinyarta. Sai na ji ta kira ni, ta ce, Tasalla, bar kunun nan, zo ki karanta mata abin da kuke karantawa. Na shigo na yi ta maimaita mata kalmar shahada, ita kuma tana riƙe da hannunta. Dela ta faɗa, da bakinta ta faɗa. A tsakaninmu ta cika."

Nuruddeen ya waiga. Martha tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, idanunta sun kumbura. Ya ja gwiwa ya isa gabanta, ya sunkuyar da kai, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro. Ta ɗora hannu a kansa ta bar shi ya yi.

Yau Nuruddeen yana aiki a wani kamfanin fansho, ya ci wasu daga cikin jarrabawoyinsa, saura wasu. Paul ma yana kan hanya, kodayake tafiyarsa ta fi tsawo, kuma Nuruddeen ya san dalili. Duk littafin da ya gama da shi Kazaure yake aika shi. Idan ya zo hutu, a bayan tasha yake fara sauka kafin ya wuce Roni.

Darasi: Ilimin da ya raba ka da mutane bai gama yi maka amfani ba. Kada ka raina wanda ya tambaye ka don bai sani ba, kuma kada ka danne wani don ka isa da wuri, domin akwai cutar da ko an yafe maka ba za ka iya gyara ta ba. Ranar da ƙarfinka da basirarka suka kasa, mutanen da ka riƙe ne za su tsaya maka, wani lokaci ma waɗanda ka cutar. Idan akwai wanda yake jiran kiranka, kira shi yau. Ku tura wa ɗalibai da iyayensu wannan labari, wataƙila ya isa ga wanda yake bukatarsa.